Wankan ruwan zafi a Tokiyo: ina ake samu, kuma Musulmi zai iya shiga?

"Assalamu alaikum. An zaɓe ni zuwa kwas na wata biyu a Tokiyo, kuma mai yiwuwa maiɗakina ta biyo ni a makonni biyu na ƙarshe. Waɗanda suka riga ni zuwa sun cika min kunne da labarin wankan ruwan zafi na Japan. Wasu sun ce wanda bai shiga ba bai je ƙasar ba, wasu kuma sun ce tsirara ake shiga, haihuwar uwa. Shin sai na fita bayan gari zan samu, ko akwai a cikin birni? Nawa ake biya? Kuma mutum zai iya shiga da gajeren wando?" Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Tambayoyinka uku ne, amma na ga inda ya fi damunka shi ne na ƙarshen, don haka can zan fi daɗewa. A taƙaice: akwai wuraren wankan a tsakiyar Tokiyo, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma a wankan gama-gari ba a shiga da wando. Waɗanda suka ce maka tsirara ake shiga ba su yi ƙarya ba. Sai dai akwai hanyoyin da za ka ɗanɗana ruwan, kai da iyalinka, ba tare da kowa ya ga al'aurarku ba.

Shekarata tara a unguwar Ota da ke kudancin Tokiyo, kusa da tashar Kamata, ina aikin tafinta da rakiyar baƙi. Wannan tambayar kusan kowane baƙo daga gida sai ya yi min ita, yawanci da murya ƙasa-ƙasa bayan an gama cin abinci.

Onsen daban, sento daban

Kalmomi biyu za ka riƙa ji. Onsen shi ne ruwan da ya ɓuɓɓugo daga ƙarƙashin ƙasa. Japan na da doka a kansa tun 1948, wadda ta ce kafin a kira ruwa onsen sai zafinsa ya kai digiri 25 a inda yake fitowa, ko kuma ya ƙunshi ɗaya daga cikin sinadarai 19 da aka lissafa, daidai gwargwadon da aka ƙayyade. In ka taɓa zuwa Yankari ka shiga ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke wajen digiri 31, to da a Japan yake da onsen za a kira shi. Bambancin shi ne a Wikki iyo ake yi da wasa, kowa da wandonsa. A Japan zama ake yi shiru, ruwa iya wuya, kuma zafin yakan kai digiri 40 zuwa 43.

Sento kuwa gidan wanka ne na unguwa. Ruwan famfo ne ko na rijiya ake dafawa, da iskar gas ko da itace. Asalinsa buƙata ce: a da yawancin gidajen birni ba su da banɗakin wanka, sai kowa ya ɗauki 'yar robarsa da sabulu ya nufi na unguwa da yamma. Ana cewa na farko a Edo, wato tsohon sunan Tokiyo, an buɗe shi ne a 1591. A 1968 adadinsu ya kai ƙololuwa, kusan 18,000 a faɗin ƙasar. Da gidaje suka samu nasu banɗaki sai suka yi ta rufewa, yanzu ba su kai 2,000 ba, kuma na Tokiyo ba su kai 500 ba. Masu su sun tsufa, 'ya'yan ba sa son gadon tashin dare ana wanke tayil, ga tsadar makamashi. Ni kaina biyu daga cikin waɗanda na saba zuwa an rushe su an gina gidajen haya a wurin.

Saboda ana ɗaukar sento a matsayin abin buƙatar talaka, hukuma ce ke yanke iyakar kuɗin shiga. A Tokiyo an mayar da shi yen 550 ga babba a watan Agustan 2024. Ana ɗan ƙara shi lokaci zuwa lokaci, to ka riƙe 'yan canji fiye da haka. Ɗakin zufa, wato sauna, kuɗinsa daban ne.

Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne wani sento ɗin onsen ne. A unguwarmu ta Ota da maƙwabciyarta Shinagawa akwai ruwan da ake kira kuroyu, ma'ana baƙin ruwa. Launinsa kamar shayin da aka manta a kan wuta, a wasu wuraren ma kamar tawadar allo. Ruɓaɓɓun tsirrai na zamanin da ne a ƙarƙashin ƙasa suka rina shi. Da sanyinsa yake fitowa, sai a dafa, amma sinadaransa sun ba shi sunan onsen a doka. In ka tsoma hannu tun kafin ya kai wuyan hannu ya ɓace maka, kuma yana da santsi a fata. A Musashi-Koyama da ke Shinagawa akwai wani gidan wanka mai suna Shimizu-yu da ke da ruwa iri biyu, baƙin da kuma wani mai launin zinariya da aka haƙo daga can ƙasa, duk a kan kuɗin sento. Wato ba ka buƙatar tikitin jirgin ƙasa mai tsada kafin ka taɓa ruwan onsen na gaske.

Akwai nau'i na uku, manyan gidajen wanka na zamani da suke kira supa sento, masu gidan abinci da wurin tausa da kujerun kishingiɗa. Su farashin hukuma bai shafe su ba. Spa LaQua da ke jikin filin wasa na Tokyo Dome, misali, yana jawo ruwansa daga zurfin mita 1,700, kuma shigarsa ta haura yen 3,000. Thermae-yu a Shinjuku da tankar mota ake kawo masa ruwa daga yankin Izu. In wani da ya je tun da daɗewa ya ba ka labarin Oedo Onsen na Odaiba, kada ka wahalar da kanka, an rufe shi tun 2021.

Maganar wando

To Malam, ga inda gizo ke saƙar. A wankan gama-gari, na sento ne ko na onsen, maza na ɓangarensu mata na nasu, amma a cikin kowane ɓangare tuɓewa ake yi gaba ɗaya. Abin da kawai kake shiga da shi ɗan tawul ne siriri, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Mutane kan riƙe shi a gabansu in suna tafiya, amma da an zo shiga ruwa sai a naɗe shi a ɗora a ka ko a ajiye a gefe. Ba a yarda ya taɓa ruwan ba. Dalilinsu na tsafta ne: ruwan na kowa ne, ba a zubar da shi bayan kowane mutum, to duk wani tsumma ana ɗaukarsa mai ɗauke da datti ko sauran sabulu. Wando ma haka. In ka shiga da shi, ko ma'aikaci ya yi maka magana ko wani dattijo ya yi.

Su a wurinsu wannan tsiraicin ba abin kunya ba ne, har suna da karin magana a kansa, hadaka no tsukiai, wato zumuncin da ake ƙullawa in kowa ya tuɓe, babu mai kuɗi babu talaka. Kuma gaskiya ba mai kallon kowa. Amma rashin kallon bai sauya hukuncin al'aura a wurinmu ba. Ni ba malami ba ne, kuma ba zan yi maka fatawa ba. Abin da muka tashi da shi dai shi ne al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa, ko da a gaban 'yan'uwansa maza, kuma akwai hadisin da ya yi hani da shiga gidan wanka na jama'a ba tare da gyauto ba. Ga kuma ganin ta wasu, wanda ko ka sunkuyar da kai ba za ka kauce masa duka ba.

Ba zan ɓoye maka ba, a shekaruna na farko na shiga sau da yawa. Ɗakin da na fara kamawa wurin wankansa kamar akwati ne, sanyin Janairu kuma ba ya wasa. Nakan je daf da tashi, in mutane sun ragu, in riƙe tawul ɗina gam. Wani abokina har zolayata yake yi cewa ai baƙin ruwan Kamata sutura ne, tun da ba a ganin abin da ke ciki. Na ce masa to daga wurin cuɗa zuwa bakin kwamin fa, wa zai suturta ni? Daga baya zuciyata ta ƙi kwanciya, na koma ɗakunan keɓe. Na faɗi wannan ne don ka san bayanin da zan yi maka na cikin sento da idona na gani, ba don in ce ka bi sawuna ba.

Shawarata ɗaya ce: kada ka je wurin gama-gari da niyyar su sassauta maka ƙa'ida. Na ga baƙi suna jayayya da ma'aikaci a kan wando, ƙarshenta kowa ya tashi da ɓacin rai. Irin wannan saɓanin ya taɓa yin muni a garin Otaru na tsibirin Hokkaido, inda wasu gidajen wanka suka kafa allon hana duk wani baƙo shiga, bisa hujjar cewa ma'aikatan jiragen ruwa na Rasha ba sa bin ƙa'ida. Sai da aka je kotu, a 2002 kotu a Sapporo ta ce wariya ce, ta sa aka biya diyya. Yau da wuya ka ga irin wannan allon, amma duk baƙon da ya saɓa ƙa'ida wanda zai zo bayansa yake jawo wa harara. Ka nemi wurin da tsarinsa ya dace da kai tun farko.

Kalmar da za ka haddace ita ce kashikiri-buro, wasu na cewa kazoku-buro, wato wankan iyali. Ɗaki ne da kwaminsa na onsen, ka biya na minti 45 ko awa ɗaya ko fiye, ka kulle ƙofa, daga kai sai matarka. Wannan tsarin zai ba ku damar shiga tare ba idon kowa. A cikin Tokiyo ba su da yawa, amma akwai, misali a Saya no Yudokoro da ke unguwar Itabashi. Inda suka wadata shi ne Hakone, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi daga tashar Shinjuku a jirgin Romancecar na kamfanin Odakyu. Can akwai Hakone Yuryo mai ɗakunan keɓe 19, kowanne da kwaminsa a sarari kana kallon itatuwa. Kuɗin ya ninka na sento sau da yawa, dubban yen ne, kuma dole ka kama wuri tun da wuri, musamman Asabar da Lahadi. Da ni ne kai, zan ajiye wannan tafiyar sai Hajiya ta iso, ku tafi da safe ku dawo da yamma. In aljihu ya yarda, akwai masaukai irin na gargajiya, ryokan, da ke da ɗakin kwana mai kwaminsa na kansa. Ka dai tambaya ko ruwan ɗakin onsen ne, domin a wasu ruwan famfo ne aka dafa.

Za a iya ce maka ai akwai wuraren da ake shiga da kayan iyo, kamar Yunessun a Hakone. Haka ne, amma ɓangaren kayan iyon maza da mata ne a cakuɗe, an gudu ba a tsira ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne ashiyu, wankan ƙafa: ka zauna a benci da kayanka, ka naɗe wando, ka tsoma ƙafa zuwa ƙwauri. Akwai ɗaya kyauta a ƙofar tashar jirgin ƙasa ta garin Atami, can gaba da Hakone. Minti goma sha biyar sai ka ji gumi a goshi. Akwai kuma ganban-yoku a manyan gidajen wanka, inda ake kwanciya a kan dutse mai ɗumi sanye da riga da wandon da suka ba ka, sai dai ɗakin sauya kaya na kowa ne, kuma a wurare da yawa ɗakin dutsen ma maza da mata ne.

Yadda ake wankan

Ko a ɗakin keɓe ƙa'idar wankan ba ta sauyawa, domin ruwan da ka bari wani zai shiga. Kuma in ka yanke wa kanka shawarar leƙa sento, gara ka san tsarin.

Takalmi ake fara cirewa a ƙofa, a sa a ɗan akwati mai makullin katako ko ƙarfe. Ka biya, sannan ka dubi labule: na maza galibi shuɗi ne da alamar 男, na mata ja da alamar 女. Ka haddace alamun kada ka dogara da launi kawai, kuma kada ka ce jiya dama na shiga, domin wasu wuraren musanya ɓangarorin suke yi kullum ko duk mako. Waya ba ta fitowa daga aljihu da zarar ka wuce labule.

Babbar ƙa'ida ita ce kwamin ba wurin wanke datti ba ne. Akwai jerin famfuna a jikin bango, kowanne da 'yar kujera kamar ta tsakar gida da ƙaramar roba. Nan za ka zauna ka cuɗa jikinka tas, ka ɗauraye har babu kumfa. Bahaushen da ya saba da bokiti da moɗa ba zai ji baƙunta a nan ba. A zaune ake yi don kada ka fantsama wa na kusa. In ka gama ka ɗauraye kujerar da robar ka mayar. Sannan ka kamfaci ruwan kwamin ka zuba a ƙafa, ka hauro zuwa ƙirji, don jiki ya san abin da zai tarar. Ka shiga a hankali. Ba a nutsa kai, ba a iyo, mai dogon gashi ya ɗaure. In za ka koma ɗakin kaya ka matse ɗan tawul ɗin ka goge jiki tukun, ba sa son a jiƙa musu daɓe.

Ka kula da wani lungu mai alamar 電気風呂, denki-buro. Wutar lantarki ce 'yar kaɗan ake sakawa a ruwan don tausa. Ranar da na fara faɗawa ciki ba da sani ba, na ji ƙuguna ya ƙame, na yi tsalle da salati, wani tsoho yana ta dariya har da tari. Bayan nan ne ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya, ya saya min madara mai kofi a 'yar kwalba, wadda ita ce al'adar bayan wanka. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji ko ciwon zuciya kada ya kusanci wurin.

Zafin ma ba abin rainawa ba ne. Hukumar kare masu sayayya ta Japan tana ba mutanenta shawarar kada ruwa ya wuce digiri 41 kuma kada zama ya wuce minti 10, saboda tsofaffi da yawa na rasuwa a kwamin wanka lokacin sanyi. Ni nakan ce wa baƙi minti biyar, ka fito ka huta, ka koma. Ka sha ruwa kafin da bayan, kada ka miƙe zumbur, jiri na kayar da mutum. Kada ka shiga da azumi a bakinka ko da cikakken ciki. In kana da hawan jini ka tambayi likitanka kafin tafiya, wannan ba fagena ba ne. Zoben azurfa kuma ka cire shi, ruwan da ke da farar wuta, kamar na wasu sassan Hakone, yana baƙanta shi nan take.

Lalle da zanen jiki

Wannan ya shafi Hajiya. Gidajen onsen da yawa ba sa karɓar mai zanen tawada a jiki, saboda a can an daɗe ana danganta shi da 'yan yakuza, ƙungiyoyin masu laifi. Wani bincike da hukumar yawon buɗe ido ta yi a 2015 ya nuna fiye da rabin masaukan da suka amsa suna hanawa. Ƙananan sento na unguwa yawanci ba ruwansu, manyan na zamani su ne masu tsanani. Ma'aikacin da bai san lalle ba, in ya ga zanen fulawa baƙi ya hau hannu har gwiwa, zanen tawada zai ɗauka. Kuma wasu wuraren sun rubuta ƙarara cewa ko fenti ne ko na mannawa ba sa karɓa. Matata ta taɓa dawowa daga gida da lallen biki, muka je wani wuri, sai da na yi dogon bayani, duk da haka suka ba mu haƙuri cikin ladabi. A ɗakin keɓe yawanci ba matsala, amma ka faɗa musu tun wajen kama wuri. Tsagar gado ta fuska kuwa ban taɓa ganin an tsayar da wani a kanta ba.

Ɓangaren mata ban taɓa shiga ba, abin da na sani daga bakin matata ne. Tsarin ɗaya ne, kuma mai haila ba ta shiga kwamin. Abu guda da ya kamata ku sani: a tsofaffin sento akwai wani dogon mazauni da ake kira bandai, inda mai karɓar kuɗi ke zama tsakanin ɓangarorin biyu yana hango ɗakunan sauya kaya, kuma yana iya zama namiji. Yawancinsu yanzu sun koma tebur a waje. A ɓangaren maza ma ba abin mamaki ba ne wata dattijuwa mai shara ta shigo tana aikinta.

In lokacin zuwanka ya dace da ƙarshen Disamba, ranar da dare ya fi tsawo, za ka ga ana zuba lemon yuzu a ruwan sento, duk unguwa ta ɗauki ƙamshi. Ko ba za ka shiga ba, ka bi ta gaban ɗaya daga cikin tsofaffin da yamma, kamar Kosugi-yu na Koenji da aka gina a 1933, mai rufi kamar na wurin bauta. Yawancin sento suna buɗewa ne wajen ƙarfe uku ko huɗu na yamma zuwa sha ɗaya ko sha biyun dare, kuma kowanne na da ranar hutunsa a mako, to ka duba kafin ka fita. Na Hakone kuwa, da zarar ranar zuwan Hajiya ta tabbata ka roƙi wani a wurin kwas ɗinku ya buga musu waya da Japananci, ya kama muku ɗaki na tsakiyar mako, ya kuma ambaci maganar lallen.